Tarihin gashin ƙashi: yadda likitoci suka daina cewa a kwanta, suka koma cewa a motsa

A yau shirin zai leƙa tarihin wani fanni ne na kiwon lafiya wanda a asibitocinmu aka fi saninsa da sunan gashin ƙashi, wasu kuma su ce fisiyo, wato maganin ciwon gaɓɓai da na tsoka ta hanyar motsa jiki da tausa da ɗumama wurin da ke ciwo. Duk wanda ya taɓa yin targaɗe a filin ƙwallo, ko ƙugunsa ya riƙe bayan ya wuni a gona ko a kan babur, ko kuma yake da tsohuwa a gida wadda gwiwa ta sa take salla a zaune, to maganar ta shafe shi. Za mu bi tarihin ne ta wata unguwa da ke kudancin birnin Landan mai suna Camberwell, inda aka yi gwaje-gwajen da suka sauya yadda ake kallon wannan al'amari.

Camberwell tsohuwar unguwa ce, domin sunanta ya fito a kundin ƙidayar filayen Ingila na shekarar 1086. Wasu masu binciken asalin sunaye na ganin ma'anarsa ita ce rijiyar guragu, wai saboda wata rijiya da masu larura ke zuwa neman waraka, ko da yake wasu masanan ba su yarda da wannan fassara ba. Ko ma dai mene ne, babbar majami'ar unguwar tana ɗauke ne da sunan Giles, wanda Kiristocin Turai suka ɗauka a matsayin majiɓincin guragu. A yau kuwa wanda ya shiga motar safa daga nan zuwa Peckham mai maƙwabtaka, zai ji Yarbanci da Ibo da Hausa jefi-jefi, saboda yawan 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a yankin.

Abin da ya sa unguwar ta yi suna a harkar lafiya shi ne asibitin King's College. An buɗe shi ne a shekarar 1840 a tsakiyar Landan, sannan aka mayar da shi kan tudun Denmark Hill da ke Camberwell a shekarar 1913. To amma kafin mu shiga cikinsa, bari mu ɗan koma baya mu ga yadda ita kanta sana'ar ta samo asali.

Tausa da ɗori dai ba Turawa suka ƙirƙiro su ba. Kowace al'umma tana da nata maɗoran, kamar yadda muke da gidajen da suka gaji ɗori kaka da kakanni a ƙasar Hausa. Ita ma Birtaniya haka take. Hugh Owen Thomas, wanda ake ɗauka a matsayin uban likitocin ƙashi na ƙasar, ɗan gidan maɗora ne daga yankin Wales, mahaifinsa ya yi ta ɗori a birnin Liverpool ba tare da takardar likita ba. Shi Thomas ya yi karatun likita, kuma aƙidarsa ita ce gaɓar da ta samu rauni a ɗaure ta, a hana ta motsi kwata-kwata, na tsawon lokaci. A hannu guda kuma, can a ƙasar Suwidin, wani malami mai suna Pehr Henrik Ling ya kafa wata cibiya a birnin Stockholm a shekarar 1813, inda ake koyar da motsa jiki a matsayin magani. Waɗannan ra'ayoyi biyu, na hutu da na motsi, su ne suka shafe fiye da shekaru 100 suna ja-in-ja a asibitoci.

Yadda aka yi masu tausa suka kafa ƙungiya a Birtaniya kuwa, labari ne mai ɗan abin kunya a ciki. A shekarar 1894 mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar ta fallasa cewa wasu gidajen tausa da ke Landan, a gaskiya gidajen karuwai ne da suka fake da sunan magani. Wannan ya ɓata sunan duk macen da ke neman halaliyarta da wannan aiki. Sai wasu mata huɗu, ma'aikatan jinya da ungozomomi, wato Lucy Robinson da Rosalind Paget da Elizabeth Anne Manley da Margaret Palmer, suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa a wannan shekara. Suka tsara jarrabawa, suka kuma ɗaure kansu da dokoki masu tsauri: ba za su karɓi majinyaci ba sai wanda likita ya turo, ba za su yi tallar kansu a jaridun gari ba, kana ba za su yi wa namiji tausa ba sai a kan larura mai ƙarfi da umarnin likita. Da wannan suka sayi mutunci, amma sun saye shi da tsada, don kuwa sai a shekarar 1977 ne hukumomin lafiya na Birtaniya suka amince ma'aikacin gashi ya duba majinyaci ya yanke shawarar irin maganin da zai yi masa da kansa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fito da su fili. Shekara guda kacal da buɗe sabon ginin King's College, sai yaƙi ya ɓarke a 1914, sojoji suka karɓe yawancin asibitin, aka kakkafa rumfunan jinya har cikin lambun Ruskin da ke gefensa. Wata kwalejin horar da malamai mata ta St Gabriel da ke unguwar ita ma aka mayar da ita asibitin soja, a nan ne ma marubuciyar nan Vera Brittain ta yi aikin jinya na sa kai a 1915. Jiragen ƙasa suka riƙa sauke samari daga fagen daga na Faransa, wannan da karaya, wancan harsashi ya yanke masa jijiya. Ana ɗinke rauni ya warke, amma sai a tarar hannu ya sandare ko ƙafa ta shanye saboda daɗewa a ɗaure. Wani ɗan majalisa mai suna Almeric Paget da matarsa suka ɗauki nauyin mata masu tausa 50 tun a farkon yaƙin, aka rarraba su asibitocin soja, kuma kafin a ƙare yaƙin adadinsu ya kai kimanin 2000. Aikinsu shi ne tausa, da lanƙwasa gaɓɓai, da gashi da zafi, da kuma amfani da lantarki wajen zaburar da tsokar da ta mutu. Wani abin sha'awa shi ne, Robert Jones, likitan da ya jagoranci aikin ƙashi na sojojin Birtaniya, a gidan Hugh Owen Thomas ya tashi, amma shi ne ya buɗe wuraren aikin hannu a asibitin Shepherd's Bush a 1916, inda sojan da yatsunsa suka ƙage ake ba shi zarto ko guduma ya yi aiki da su har su saki. A 1920 Sarki George na Biyar ya ba ƙungiyar matan nan takardar amincewa ta masarauta, a 1944 kuma ta ɗauki sunan da take amfani da shi har yanzu na ƙungiyar likitocin fisiyo.

To yanzu sai mu zo kan abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihin Camberwell, wato maganin jiri. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu akwai likitoci biyu a King's College, Terence Cawthorne likitan kunne, da Frank Cooksey mai kula da sashen farfaɗo da majinyata. Suna samun mutane da yawa waɗanda suka bugu a ka, ko aka yi musu tiyata a cikin kunne, suka tashi da hajijiya mai tsanani. A can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan ƙananan bututu uku a kowane gefe, masu lanƙwasa, cike da ruwa. Idan mutum ya juya kansa ruwan yakan motsa, sai jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Idan gefe ɗaya ya lalace, saƙon dama da na hagu sai su saɓa, mutum ya ga duniya tana juya masa, zuciyarsa ta riƙa tashi. Abin da kowa zai yi a irin wannan hali shi ne ya kwanta ya ƙame wuyansa, kuma abin da ake ce wa majinyata su yi ke nan.

Su waɗannan likitoci biyu sai suka lura cewa majinyatan da suka fi saurin warkewa su ne marasa jin magana, waɗanda ke tashi suna zirga-zirga duk da jirin. Daga nan suka tsara wani jerin atisaye da ke tsokano jirin da gangan, kaɗan-kaɗan. Ana farawa tun mutum yana kan gado, ya riƙa kai idanunsa sama da ƙasa, dama da hagu, ya kafa ido a kan yatsansa yana matso da shi kusa da fuska. Sai ya fara juya kai, a hankali sannan da sauri, ido buɗe sannan ido rufe. Idan ya iya zama, sai ya riƙa sunkuyawa yana ɗaukar abu daga ƙasa. Idan ya iya tsayuwa, sai jefa ƙwallo daga hannu zuwa hannu, da tafiya daga bango zuwa bango, da hawa matakala. Sukan haɗa majinyatan rukuni-rukuni, domin wanda ya fara jiya ya ga wanda ya yi mako uku yana wasan ƙwallo, ya samu ƙwarin gwiwa. An buga bayanin aikin nasu a shekarar 1946.

Hikimar da ke ciki ita ce, kunnen da ya lalace ba lallai ya gyaru ba, ƙwaƙwalwa ce ke koyon sabon lissafi, ta ƙara dogaro da ido da tafin ƙafa da kunnen da ya rage. Ba ta kuwa iya koyo sai an riƙa ba ta saƙon da ya rikita ta. Har yau ana ba majinyata takardar wannan atisaye da sunan mutanen biyu a kanta, a asibitoci da dama na duniya. Sai dai a kula, ba kowane jiri ne na kunne ba. A wurarenmu ƙarancin jini da zazzaɓi da matsalar hawan jini ko saukarsa duk suna kawo shi, kuma jirin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar hannu, wannan na gaggawa ne, asibiti za a nufa nan take.

Shekara guda bayan haka, a 1947, wani likita a Landan mai suna Richard Asher ya rubuta wata maƙala a kan haɗarin kwanciya a gado, inda ya lissafa abin da doguwar kwanciya ke haifarwa: daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, gyambon baya, zubewar tsoka, raunin ƙashi da ciwon huhu. An yaba rubutun, amma ɗabi'a ba ta sauya da wuri ba. A 1966 masu bincike a birnin Dallas na Amurka suka kwantar da samari biyar masu ƙoshin lafiya na tsawon mako uku, suka auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu. Bayan shekaru 30 aka sake nemo mutanen nan aka auna su, sai aka ga cewa kwanciyar mako ukun ta fi rage musu ƙarfi a kan tsufan shekaru 30.

Duk da haka, har cikin shekarun 1980 wanda ya je wa likita da ciwon baya, abin da zai ji shi ne ya je ya kwanta a kan katako na mako ɗaya ko biyu. A 1986 Richard Deyo da abokan aikinsa a jihar Texas suka raba masu ciwon baya gida biyu, wasu aka ce su kwanta kwana 2, wasu kwana 7. Sauƙin da suka samu bai bambanta ba, illa dai 'yan kwana 2 sun riga komawa bakin aiki. A 1995 kuma aka yi wani gwajin a kan ma'aikatan birnin Helsinki na ƙasar Finlan, aka tarar waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda za su iya jurewa sun fi waɗanda suka kwanta saurin murmurewa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce idan aka dubi yawan masu fama da larurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aiki.

Mu sake komawa kudancin Landan, wannan karon a kan ciwon gwiwa. A farkon shekarun 2000, wani masanin fisiyo na jami'ar King's College mai suna Mike Hurley da abokan aikinsa suka gudanar da wani gwaji a tsohon asibitin Dulwich, wanda ke cikin yankin da a da yake ƙarƙashin ƙaramar hukumar Camberwell. Sun ɗauki mutane 418 'yan shekara 50 zuwa sama, daga ƙananan asibitocin unguwa 54, dukkansu sun haura wata shida suna fama da gwiwa. Wasu aka bar su da kulawar da suka saba samu, wadda galibi ƙwayoyin kashe zafi ne. Sauran kuma aka sa su zuwa sau biyu a mako har mako shida, zama 12 ke nan. A kowane zama akan fara da tattaunawa a kan mene ne ciwon, me ke tayar da shi, yaya mutum zai raba aikinsa kada ya yi wa kansa yawa, sannan a shiga atisaye: tashi da zama a kan kujera, hawa da sauka a kan ɗan dakali, tuƙa keken da ba ya tafiya, tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna cewa bayan wata shida, waɗanda suka yi atisayen sun fi sauran iya tafiya da hawa bene da ayyukan gida. Waɗanda aka koyar a rukuni kuma sun samu amfani daidai da waɗanda aka koyar ɗaya-ɗaya, ga shi kuɗin da aka kashe a kansu bai kai ba. Shirin, wanda aka sa wa suna ESCAPE-pain, daga baya ya bazu zuwa asibitoci da wuraren motsa jiki a sassan Birtaniya.

Me ya sa motsi ke taimaka wa gwiwar da ake cewa ta cinye? Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma sai an matsa shi an saki, kamar soso, ruwan ke shiga ya fita. Bugu da ƙari, babbar tsokar gaban cinya ita ce ke tare nauyi kafin ya sauka a kan gwiwa. Mai ciwo yakan ji tsoro ya daina tafiya, tsokar ta rame, gwiwar ta ƙara ɗaukar nauyi, ciwon ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru. A ganina, rabin aikin da aka yi a Dulwich cire wannan tsoro ne. Dattijon da aka gaya masa cewa ƙashinsa na gogar juna ba zai yarda ya motsa ba, sai an zaunar da shi an fahimtar da shi cewa ɗan zafin da yake ji lokacin atisaye ba alamar ƙarin ɓarna ba ce.

Ko a kan targaɗe ma ra'ayi ya motsa. A 1978 wani likitan wasanni na Amurka, Gabe Mirkin, ya yaɗa shawarar nan ta hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa sama. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Abin da aka fi bi yanzu shi ne a kare idon sawun na 'yan kwanaki, sannan a fara taka shi a hankali, a kuma koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya domin kada targaɗen ya zama ɗan gida. A fannin rigakafi kuwa, akwai wani gwaji da Oluwatoyosi Owoeye ya jagoranta a kan matasa 'yan ƙwallo a Legas, aka buga a 2014, wanda ya nuna cewa ƙungiyoyin da ke yin tsararren atisayen ɗumama jiki na hukumar FIFA kafin wasa, raunukansu sun ragu da kimanin kashi 41 cikin 100.

Ita sana'ar ta iso Najeriya ne a shekarar 1945, lokacin da wasu Turawan Birtaniya biyu, 'yan waccan ƙungiya da mata huɗu suka kafa, suka fara aiki a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas. An kafa ƙungiyar ma'aikatan fisiyo ta Najeriya a 1959, shekarar da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano, sannan jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966. Daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ita ma ta shiga horar da su. Sunan da muka laƙaba wa aikin, wato gashi, ya nuna abin da mutanenmu suka fara gani, fitilar nan mai zafi da ake haska wa gaɓa. Shi ya sa har gobe akan samu wanda zai fito daga sashen yana ƙorafin cewa ba a yi masa komai ba, wai atisaye kawai aka nuna masa, alhali kuwa zafin na ɗan lokaci ne, atisayen shi ne jigon maganin.

Maɗoranmu na gargajiya kuwa, jama'a na zuwa wurinsu saboda suna kusa, ga sauƙin kuɗi, ga yarda da aka gada. Inda likitocin ƙashi ke kuka da su shi ne ɗaurin karare da ya yi tsanani har ya hana jini gudu, musamman a hannun yara, abin da kan kai ga yanke gaɓa. Idan yatsu suka kumbura suka yi sanyi ko suka canza launi bayan ɗori, kwance ɗaurin za a yi a tafi asibiti a ranar. Haka shi ma ciwon baya, duk da cewa yawancinsa kan lafa cikin 'yan makonni idan mutum ya ci gaba da motsi, akwai wanda ba na atisaye ba ne. Idan ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, a ƙasashenmu sai an bincika tarin fuka na ƙashin baya. Idan kuma ƙafafu suka fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, to wannan ba ya jiran wayewar gari.